Dajin Gundumi da Tuddan Gabashin Sakkwato: Yanayin Ƙasar da Dalilin Kiyaye Ta

Gabatarwa

Matafiyin da ya bar birnin Sakkwato ya nufi gabas maso arewa ta hanyar Acida, ya wuce mararrabar Wurno zuwa Goronyo, zai lura da abubuwa biyu waɗanda ba su rabuwa da idonsa. Na farko shi ne fadamar Gulbin Rima, shimfiɗaɗɗiya, koriya shar ko da tsakiyar rani. Na biyu kuwa jerin tuddai ne masu baƙin kai a baje kamar an daɗe su da wuƙa, waɗanda gefensu ya tsattsage, yana nuna ƙasa hawa-hawa, wata fara, wata ja, wata ruwan toka. A bayan waɗannan tuddai, wajen gabas, akwai wani faffaɗan daji wanda ya taɓa ƙasashen Wurno da Raba da Goronyo, ya miƙa har Isa da Sabon Birni. Shi ne Dajin Gundumi, ɗaya daga cikin gandayen dajin da hukuma ta keɓe a Jihar Sakkwato.

Wannan yanki ba shi da manyan duwatsu irin na Azbin ko na Mambila. Kusan dukkan ƙasar ba ta kai mita 400 bisa teku ba, kuma tsaunin da ya fi tsawo a cikinta mutum na iya hawansa kafin ya gaji. Duk da haka, tuddan nan da dajin da ke bayansu su ne suka tsara inda ruwa ke bi, da inda aka kafa garuruwa, da inda aka yi yaƙi, da kuma abin da ake nomawa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ƙasar ta samu, da abin da ya sa Gundumi ya zama daji marar ruwa a tsakanin gulabe biyu, sa'an nan ta nuna cewa albarkar fadama ta dogara ne a kan lafiyar tudu.

Shimfiɗar Ƙasar

Gulabe biyu ne suka kewaye wannan yanki. Gulbin Rima ya samu ne daga haɗuwar Gagare da Bunsuru, waɗanda suka taso daga ƙasashen Zamfara da Katsina. Yana tafiya arewa maso yamma har wajen Sabon Birni, inda ruwan Gulbin Maraɗi ke iske shi bayan ya ratsa kudancin Jumhuriyar Nijar. Daga nan sai ya karya ya nufi kudu maso yamma, ya bi ta Goronyo da Wurno. Gulbin Sakkwato kuwa ya taso ne daga wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau da Bakura, ya ratsa ƙasar Raba, sa'an nan ya haɗu da Rima kusa da birnin Sakkwato. Daga bisani ruwan ya zarce ta Argungu da Birnin Kabi har ya faɗa Kwara.

Idan aka dubi taswira za a ga cewa Rima ya yi lanƙwasa kamar baka, Gulbin Sakkwato kuma ya zama kamar tsirkiyarsa. Ƙasar da ke cikin wannan lanƙwasa tudu ce, kuma a tsakiyarta Dajin Gundumi yake. Manyan garuruwa duka suna bakin gulbi ne: Wurno da Goronyo da Shinaka a kan Rima, Raba da Gandi a wajen Gulbin Sakkwato, Isa a gabas. Tsakiyar kuwa ta daɗe babu mazauna sai ƙalilan.

Manoman yankin sun rarrabe ƙasarsu da sunayen da suka dace da abin da masana suka gano daga baya. Akwai fadama, watau ƙasar laka wadda ambaliya ke rufewa da damina. Akwai jigawa, ƙasar rairayi inda ake noman gero da wake. Akwai faƙo, ƙasa mai tauri wadda ruwa ke gudu a kanta bai shige ba. Akwai kuma marmara, jan dutsen nan mai ƙarfe a ciki, wanda ya lulluɓe kawunan tuddai kamar hula. Ruwan sama a yankin yana kaiwa kimanin milimita 600 zuwa 700 a shekara, kuma mafi yawansa yana sauka ne tsakanin watan Yuni da Satumba. Sauran watannin rani ne, da hunturu mai ƙura, da bazara wadda zafinta kan wuce digiri 40 a watan Afrilu.

Yadda Ƙasar Ta Samu

A ilmin sanin ƙasa, lardin Sakkwato gefe ne na kudu maso gabas na wani babban kwari wanda ake kira Kwarin Iwillimidan, da sunan wata ƙabilar Azbinawa. Kwarin ya mamaye yammacin Nijar da gabashin Mali. Gindinsa tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda ake gani a fili a Gusau da Kwatarkwashi. A kan wannan gindi ne ruwa ya yi ta zuba yashi da laka da tsakuwa, shimfiɗa bisa shimfiɗa, cikin miliyoyin shekaru. Shimfiɗun sun ɗan karkata zuwa arewa maso yamma, saboda haka wanda ya taso daga Isa ya nufi Sakkwato yana tafiya ne daga tsofaffin shimfiɗu zuwa sababbi.

Bincike a kan wannan ƙasa ya daɗe. J. D. Falconer ya buga littafinsa a kan duwatsun Nijeriya ta Arewa a 1911. Raeburn da Tattam sun biyo baya a 1930, sai B. Jones a 1948, sa'an nan C. A. Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970. Al'adar masana ita ce su ba kowace shimfiɗa sunan wurin da ta fi bayyana, kuma ta haka ne sunayen ƙauyukan gabashin Sakkwato suka shiga littattafan ilmi na duniya.

Shimfiɗa mafi tsufa ita ce ta Gundumi. Tsakuwa ce da yashi da yumɓu waɗanda koguna da tafkuna suka tara tun kafin teku ta iso, kuma a cikinta ana samun guntayen itatuwa waɗanda suka rikiɗa suka zama dutse. A bisanta akwai shimfiɗu uku waɗanda ake haɗa su da sunan Rima: ta Taloka, mai laushin yashi, da ta Dukamaje, mai laka da jibsam, da ta Wurno, wadda ita ma yashi ce mai laushi. A bisa waɗannan kuma akwai ta Dange, da ta Kalambaina mai farar ƙasa, wadda ita ce kamfanin siminti na Sakkwato yake haƙa tun daga 1967. Ta Gwandu ita ce ta ƙarshe, a can yamma.

Wannan jeri shi ne ya bayyana siffar tuddan. Yashi da laka ba su jure wa ruwa, amma marmara da farar ƙasa suna jurewa. Duk inda hular marmara ta fashe, ruwa yakan ci ƙasar da ke ƙarƙashinta ya bar kwari. Inda ta tsaya kuwa sai a sami tsauni mai shimfiɗaɗɗen kai da gefe mai gangara. Watau tuddan Wurno da Goronyo saura ne na wani tsohon fili mai tsawo wanda ruwa ya cinye mafi yawansa, kuma cin bai tsaya ba har yanzu.

Teku a Ƙasar Goronyo

Abin da ya fi ba mutane mamaki game da wannan ƙasa busasshiya shi ne cewa ta taɓa zama gindin teku. Kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, ruwan teku ya kwararo daga arewa, ya ratsa inda Hamadar Sahara take a yanzu, ya iso har ƙasar Sakkwato. Lakar Dukamaje ta kwanta ne a cikin wannan teku. Bayan ruwan ya janye ya sake dawowa karo na biyu, kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, ya bar shimfiɗun Dange da Kalambaina. Masana da yawa suna ganin cewa a wani lokaci wannan ruwa ya haɗu da tekun da ke kudancin Nijeriya.

Shaidar wannan tana nan a jikin tuddai. A shimfiɗar Dukamaje akwai wani siririn hawa wanda ya cika da ƙasusuwa da haƙoran kifaye da ɓawon kunkuru. A 1930 W. E. Swinton na gidan tarihi na Ingila ya bayyana wasu ƙasusuwa da aka samo daga lardin Sakkwato, ya ce na wani ƙaton ƙadangaren teku ne. Daga baya wata ƙungiyar masana daga Jami'ar Fulorans ta ƙasar Italiya ta zo ta yi haƙa a ƙasar Goronyo, ta sami ƙoƙon kan dabbar. A 1972 Azzaroli da abokan aikinsa suka tabbatar cewa jinsi ne dabam, suka raɗa masa suna Goronyosaurus nigeriensis, watau ƙadangaren Goronyo na Nijeriya. Dabba ce mai dogon baki irin na kada, mai farautar kifi. A 1975 kuma L. B. Halstead ya bayyana wani tsohon kada daga wannan shimfiɗa ya kira shi Sokotosuchus.

Wannan dukiya ce wadda ba ta da madadi. Ƙashin da ya shekara miliyan 70 a kwance, idan mai haƙar jibsam ko mai ɗibar ƙasar gini ya farfasa shi, ya tafi ke nan. Ko da an tsince shi daga baya, matuƙar ba a san hawan da ya fito ba, rabin amfaninsa ga ilmi ya salwanta.

Dalilin Rashin Ruwa a Gundumi

Tambaya a nan ita ce, me ya sa ƙasar da gulabe biyu suka kewaye ta shahara da ƙishirwa? Amsar tana cikin shimfiɗun da aka ambata. Tsakuwa da yashin Gundumi da na Taloka suna shan ruwa kamar soso. Ruwan da ya sauka a kan tudu, wani ya gudu ta ƙoramu cikin sa'o'i kaɗan, sauran ya nutse can ƙasa inda rijiyar hannu ba ta kai wa cikin sauƙi. Ƙoramun dajin ba su da ruwa sai da damina. Tafkunan da ke taruwa a kan yumɓu kuma sukan ƙafe kafin bazara.

Ruwan da ya nutse bai ɓace ba. Yana bin karkatar shimfiɗun a hankali zuwa yamma, ya shige ƙarƙashin sababbin shimfiɗu, inda laka ta danne shi. Binciken da Anderson da Ogilbee suka buga a 1973 a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa na kwarin Sakkwato ya nuna cewa shimfiɗar Gundumi na cikin ma'ajiyar ruwan lardin. Ma'anar wannan ita ce, tudun gabas ƙofa ce ta shigar ruwa, kuma rijiyoyin burtsatse da yawa na yamma suna sha ne daga abin da ya shiga ta wannan ƙofa.

Itatuwan dajin sun dace da wannan hali. A kan marmara da faƙo ana samun geza da sabara da taramniya da anza, gajeru masu jure fari. A jigawa akwai kalgo da aduwa da magarya da ɗanya da ƙirya. A bakin ƙoramu, inda danshi ke daɗewa, akan sami marke da tsamiya da bagaruwa. Kuka kan tsaya ɗai-ɗai, sau da yawa a kufan tsohon gari. Ciyawa kuwa akwai gamba da ƙyasuwa, sai ƙarangiya inda kiwo ya yi yawa. A gonakin gefen daji gawo ya fi kowane itace daraja, domin yakan zubar da ganyensa da damina, bai tare wa shuka rana ba, ya kuma yi ganye da 'ya'ya da rani lokacin da dabbobi ke bukata. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da aikinsa a wurin jama'a: sabara ga masu jego, bagaruwa ga majema, ƙirya ga masassaƙa turmi da maƙera, gamba ga masu zana da jinka.

A zamanin da, irin wannan daji na ƙasar Hausa yana ɗauke da zaki da kura da raƙumin dawa da jimina da barewa. Manyan namun dajin sun ƙare a wannan yanki. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma da suka rage suna Nijar ne, mafi yawansu a wajen Kure, gabas da Yamai. Abin da ya saura a dazuzzukan gabashin Sakkwato ƙananan dabbobi ne kamar zomo da dila da bushiya da damo, sai tsuntsaye irin su zabo da fakara.

Gundumi a Cikin Tarihi

Rashin ruwa ya mai da Gundumi garkuwa, ya kuma mai da shi haɗari. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawan da ba su miƙa wuya ba suka kafu a Tsibiri, kusa da Katsinawan Maraɗi. Daga can suke kawo hari, kuma dajin ya zama hanyarsu da maɓoyarsu. Domin tsare wannan iyaka ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa jerin ribaɗoɗi, cikinsu har da Wurno da Gandi da Shinaka. Zaɓen Wurno ya nuna sanin ƙasa: garin yana bisa tudu inda ake hangen kwarin Rima, ga ruwa da fadama a ƙarƙashinsa. A nan Bello ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, a nan ya rasu a 1837, kuma a nan kabarinsa yake.

Turawa biyu masu yawon bincike sun bar labarin ratsa dajin. Hugh Clapperton, wanda aka sani da Abdullahi, ya bi ta cikinsa a 1824 tare da rakiyar mahaya, ya kuma ba da labarin tsoron 'yan hari da azabar ƙishirwa da ayarinsu ya sha. Heinrich Barth, watau Abdulkarim, ya ratsa shi a 1853 a kan hanyarsa daga Katsina. Ayarinsa ya yi tafiyar sa'a 26 ba tare da yada zango ba, domin babu ruwa kuma babu aminci. Da ya fito ne ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu, sa'an nan ya wuce Wurno ya zauna. Wannan hanya ita ce ta haɗa Sakkwato da Katsina da Kano, saboda haka fatake ba su da makawa sai sun bi ta, amma sukan jira su taru da yawa.

Da yaƙe-yaƙe suka kwanta a farkon ƙarni na 20, sai manoma suka fara kutsawa gefen dajin, Fulani makiyaya kuma suka mai da shi mashekarin damina, lokacin da fadama ke cike da ruwa da shuka. Da rani sai su gangaro bakin gulbi, dabbobi su ci burgu da karan gona, su bar taki. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, an haife shi ne a Raba, ya kuma yi sarautar garin daga 1934, a daidai zamanin da wannan tsari na tudu da fadama yake tafiya da ƙarfinsa.

Keɓe Daji da Ma'anarsa

Dokokin gandun daji na 1916 da 1937 su ne suka ba hukumomin En'e ikon keɓe dazuzzuka. A ƙarƙashin irin wannan tsari ne aka shata iyakar Gundumi, aka hana sassabe da sarar ɗanyen itace ba da izini ba, aka sa malaman daji su riƙa zagayawa. An bar wa mazauna kewaye wasu haƙƙoƙi kamar tsintar busasshen itace da ɗibar 'ya'yan itatuwa da magani. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙara da dokar keɓe makiyaya. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, sai ikon filaye ya koma hannun gwamnonin jihohi da ƙananan hukumomi.

Yana da kyau a kwatanta wannan da keɓaɓɓun wurare na duwatsu da ke maƙwabtaka. A Nijar, an keɓe duwatsun Azbin da hamadar Tenere a 1988, fili mai faɗin hekta miliyan 7.7, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1991. Dutse mafi tsawo a ƙasar, wanda ke Bagzan, ya kai mita 2,022. A Nijeriya kuwa akwai Gashaka-Gumti, wanda aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1991, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 6,000, inda dutsen Cappal Waddi ya kai mita 2,419. Ɗaya daga cikin manyan hujjojin kiyaye Gashaka-Gumti ita ce, daga duwatsunsa ne Kogin Taraba da wasu rassan Binuwai suke samun ruwa. A Azbin ma, lambunan Timiya da Tabelot suna rayuwa ne da ruwan da ke gangarowa daga duwatsu ya kwanta a ƙarƙashin yashin ƙoramu.

Wannan hujja ita ce ta Gundumi, ko da yake tsawonsa bai kai nasu ba. Bambancin shi ne, dogon dutse yana da wuyar hawa da wuyar noma, saboda haka yakan kare kansa da kansa. Tudu mai sauƙin shiga, wanda mota ke iya ratsawa ta ɗebo itace, ba shi da wata kariya sai doka da yardar jama'a.

Dangantakar Tudu da Fadama

Arzikin Wurno da Goronyo da Raba yana fadama. A nan ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa da alkama da rake, a nan kuma masunta ke kamun kifi. Bayan farin 1972 zuwa 1974, gwamnati ta dukufa ga gina madatsun ruwa a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. An gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978. Ta Goronyo kuwa, a kan Rima, an gama ta a 1984 aka ƙaddamar da ita a 1992. Tsawonta kilomita 12.5 ne, tsayinta mita 21, kuma tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Daga gare ta birnin Sakkwato ke samun ruwan sha da rani.

Madatsa tana riƙe duk abin da ruwa ya kawo mata, har da yashi. Idan tudu yana da itace da ciyawa, ganye kan rage ƙarfin ɗigon ruwa, saiwa ta riƙe ƙasa, ramukan gara da na saiwa su buɗe wa ruwa hanyar nutsewa. Idan aka share shi, ɗigon ruwa kan daki ƙasa ya toshe fuskarta ta zama faƙo. Daga nan ruwan sai ya gudu gaba ɗaya, ya haƙa kwazazzabai a jikin lallausan yashin Taloka da Wurno, ya kwashi ƙasar ya zuba a gonakin fadama da magudanan ban-ruwa da cikin tafkin madatsa. Sakamakon abu biyu ne masu kama da kishiyoyin juna: ambaliya mai ƙarfi da damina, da ƙarancin ruwa da rani.

Yankin ya ɗanɗani duka biyu. A watan Satumba na 2010 ruwa ya mamaye garuruwa da gonaki a Goronyo da Wurno da Kware, har ya karya hanyar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da birni. A 2018 kuma ruwan madatsar Goronyo ya ja baya har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take ɗauka. Gaskiya ne cewa mafi yawan ruwan Rima yana zuwa ne daga Zamfara da Katsina da Maraɗi, kuma yawan ruwan sama da yadda ake sarrafa madatsa suna da nasu hannu a ciki. Amma dokar zaizayar ƙasa ɗaya ce a dukkan waɗannan wurare, kuma Gundumi shi ne kason da ke hannun mutanen Sakkwato.

Matsalolin da Suka Auka wa Dajin

Matsala ta farko ita ce itacen girki da gawayi. Birnin Sakkwato ya bunƙasa ƙwarai tun da ya zama hedkwatar jiha a 1967, kuma yawancin gidaje da itace suke girki. Masu sara sukan fara da ƙirya da marke, domin su ne masu nauyi da daɗewar wuta, sa'an nan su koma kan geza da sabara. Ta biyu ita ce faɗaɗa gonaki, wadda yawan jama'a da gajiyar tsofaffin gonaki suka haddasa. Ta uku ita ce toshe burtali da mashaya, abin da ya matse dabbobi a wuri kaɗan, ya kuma haifar da husuma tsakanin manoma da makiyaya. Farin 1983 zuwa 1985 ya ƙara tsananta dukkan waɗannan.

Ta huɗu ita ce ta fi muni. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da aikin malaman daji ya yi rauni, hukuma ta janye ƙafarta daga dazuzzuka, sai 'yan bindiga suka sami mafaka a cikinsu. A watan Yuli na 2018 an kai hari ƙauyen Tabanni a ƙasar Gandi, aka kashe mutane da dama, dubbai suka yi gudun hijira. A watan Oktoba na 2021 an kai wani harin a kasuwar Goronyo. Hanyar da ta tashi daga Marnona ta ratsa Gundumi zuwa Isa ta zama abin tsoro ga matafiya, kamar yadda ta kasance a zamanin Clapperton da Barth.

Saboda wannan ne wasu ke ganin cewa maganin abin shi ne a share dajin baki ɗaya. Wannan ra'ayi yana bukatar nazari. Tarihin yankin ya nuna cewa abin da ya kawo aminci a ƙarni na 19 shi ne kafa garuruwa masu ƙarfi a bakin daji da tsare hanyoyi. Share itatuwa zai kawar da inuwa da abincin dabbobi, ya ƙara talaucin da ke tura matasa cikin ta'asa, ya kuma aika da ƙasar tudu cikin gulbi.

Kammalawa

Akwai misali a kusa wanda ya nuna cewa gyara mai yiwuwa ne. Daga 1983 manoman jihar Maraɗi suka fara abin da suke kira sassaben zamani. Maimakon su ƙone kututturan da ke tohowa a gona, sai su zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, saboda haka itacen kan tashi da sauri fiye da dashe, ba tare da ban-ruwa ba. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ƙasar da itatuwan da harshen duk irin na Goronyo ne. Abin da ya sa aikin ya ci nasara shi ne manomi ya sami tabbacin cewa itacen da ya raina nasa ne.

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da abubuwa huɗu da suka kamata. Na farko, a sake auna iyakar gandun dajin a kafa alamu, domin ba a iya tsare abin da ba a san iyakarsa ba. Na biyu, a sa hakimai da dagatai da arɗo-arɗo cikin kula da shi, tare da haƙƙoƙi bayyanannu na kiwo da ɗibar itace. Na uku, a karkata aikin Babbar Katangar Itatuwa, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007 kuma Sakkwato na cikin jihohi 11 da take ratsawa a Nijeriya, zuwa ga raya kututturan gida da toshe kwazazzabai tun daga kawunansu. Na huɗu, a keɓe wuraren ƙasusuwan Taloka da Dukamaje a ƙarƙashin dokar kayan tarihi, jami'o'in yankin kuma su ɗauki nauyin bincikensu da ajiye abin da aka samu a inda ɗalibai za su gani.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yiwu sai an sami zaman lafiya, kuma zaman lafiyar ba zai ɗore ba muddin dajin ya zauna babu mai kula da shi. Manomin albasa a Wurno, da masunci a Goronyo, da makiyayi a Gandi, da mai buɗe famfo a birnin Sakkwato, dukkansu suna da rabo a cikin abin da ke faruwa a kan wannan tudu, ko da wasunsu ba su taɓa taka shi ba.